Ɓawon Fenti a Hanyar Gangara

Mata masu kai nono kasuwar Gangara ne suka fara ganinsa. Malam Chindo mai zuma yana kwance a gefen jar hanya, daidai inda take lanƙwasa kafin ta miƙe zuwa Gazawa. Jakinsa na tsaye a kansa da tulu biyu a mangala, ɗaya ya fashe, zuma ta malale cikin ciyawa. An yi yayyafi kafin asuba, hatsi ya kai ƙugu, wani farin tururi na tashi a hankali daga gonaki. Matan suka daɗe tsaye, sun kasa gaskata cewa mutuwa ce suke kallo a irin wannan safiya.

Jandarma suka zo daga Gazawa, suka auna, suka rubuta, suka ce mota ce ta buge shi ta gudu. Kafin a dawo daga maƙabarta garin ya riga ya sami mai laifi. Mudi ne. Yana da mota bayan-buɗe da yake jigilar hatsi. A watan da ya wuce ƙudan zuman Malam Chindo sun harbi ƙaramar ɗiyarsa a iyakar gona har fuskarta ta kumbura, shi kuwa ya tsaya a ƙofar masallaci ya faɗi maganganu masu nauyi. Ga shi kuma tun safiyar nan ba shi ba motarsa a gari.

Maigari ya aika aka kira Muntari.

Kakannin Muntari makiyaya ne da suka gangaro daga arewa, fari ya cinye shanunsu, suka zauna suka kama fartanya. Abu guda ne bai bar gidan ba, shi ne bin sawu. Shekara arba'in ke nan duk wanda aka kore wa sa ko raƙumi tsakanin Agye da iyaka, ƙofar Muntari yake zuwa. Shi da marigayin kuwa tare aka yi musu kaciya.

"Na riga na je," in ji Muntari. "Tun kafin ƙafafu su yi yawa."

"Me ka gani?"

"Ba ni kwana bakwai, ranka ya daɗe. Kada a taɓa kowa kafin nan."

Ga abin da ya gani, wanda bai faɗa wa kowa ba. Motar ba ta ja birki ba sai bayan ta yi bugun, kamar direban bai ga komai a gabansa ba. Ta tsaya bayan taku ashirin. Mutum ɗaya ya sauko, bai nufi inda Chindo yake ba, sai ya yi wajen jakin, ya kewaya shi, ya dawo yana jan ƙafa kamar mai lalube, sannan ya same shi. A nan akwai ramin gwiwoyi biyu, sun nutse sosai cikin damshi. Wanda ya durƙusa ya daɗe. Daga nan motar ta juya ta koma Gazawa, kwalta ta haɗiye sawun.

Cikin ciyawa kuma ya tsinci ɓawon fenti shuɗi, bai fi farcen babban yatsa ba. Komai a wurin ya jiƙe, amma ɓawon a bushe yake, sai ɗigon ruwa guda da ya tsaya a kansa, zagaye kamar dutsen ado. Muntari ya ga sararin sama gaba ɗaya a cikin ɗigon, har da gajimare yana tafiya. Da ya karkata hannunsa ɗigon ya gangara ya faɗi, bai bar ko alama ba.

*

Wani bakanike a tashar Gazawa ya duba ɓawon, ya tofa masa yawu, ya ce, "Sulken Zakiyya ne. Babu mai irinsa."

Bayan tasha garejin yake. Muntari ya shiga ya tsaya cak. Ƙofofin tsofaffin motoci ne jere a tsakar fili, sun fi hamsin, kowace a tsaye an tokare ta da itace, ja da fara da kore da shuɗiya, duk suna fuskantar rana. Iska ta biyo tsakaninsu tana kaɗa su kaɗan-kaɗan. Sai ya ji kamar ya shigo wani gari da aka kwashe gidajensa aka manta ƙofofin.

Zakiyya ta fito daga rumfa tana goge hannu. Ba ta kai arba'in ba. Ta yi lakol, karatun boko mai zurfi, a Maraɗi, ta karanci haɗa sinadarai, da mahaifinta ya rasu ta dawo ta riƙe garejinsa. Yayar Mudi ce, uwa ɗaya uba ɗaya.

"Sannu da zuwa, Baffa. Ya haƙuri?"

"Da godiya, ɗiyata. Waɗannan fa?"

"Kurakuraina ne." Ta ɗan yi murmushi. "Baba yakan yi wa mota fenti mai kyau, shekara biyu rana ta mai da shi kamar gari. Abin ya tsaya mini a rai. Na fara da kakin zuma, Malam Chindo ke kawo mini. Yana ƙyalli, amma da bazara ta shigo sai ya yi laushi ya kama rairayi. Na gwada ƙaro, ruwan farko ya wanke shi. Sai na koma ga wani ruwan silikon da ake kawowa daga kudu, ina rage wannan ina ƙara wancan. Kowane haɗi ƙofa guda, in shafa, in bar ta shekara a rana da ruwa. Shekara shida kafin in sami wanda ya tsaya. Har yanzu akwai ɗan kaki a ciki, don shi ke ba launi zurfi. Direbobi ne suka sa masa suna sulke."

Muntari ya kwance gefen rawaninsa ya miƙa mata ɓawon. Ta kai shi inuwa, ta juya shi, ta duba gaba da baya.

"Hannuna ne," ta ce.

"Motoci nawa masu wannan launi kika shafa?"

"Uku. Ta Alhaji Mahamane, mai sayen wake na Gidan Sori, yakan zo cin kasuwa nan. Taksin Abdurrahaman." Ta mayar masa da ɓawon. "Da ta Mudi."

"Kina iya cewa biyu, da ban sani ba."

"Malam Chindo ya ɗauke ni a kafaɗa ina ƙarama, Baffa. Uku ne."

*

Gimbiya, matar marigayin, tana zaune a kan tabarma cikin takaba. Tsakar gidan duk ƙamshin zuma ne, amyoyin da mijinta bai gama saƙawa ba suna jingine da rumbu.

"Me ya fitar da shi da wuri haka?" in ji Muntari.

"Kasuwa. Kuma ya ce zai tsaya a hanya ya ba wani mutum 'yar kwalba. Zumar farko ce, tatacciya, ta ɗigawa a ido. Duk wata yana kai masa."

"Wane ne?"

"Bai taɓa faɗa mini ba. Ya ce mutumin ya roƙe shi ya rufa masa asiri." Ta ɗago ta dube shi. "Mutane na cewa Mudi. Ni ban ce ba, ban kuma ce ba shi ba ne. So nake kawai in san ko shi kaɗai ya cika a wurin nan."

*

Rana ta huɗu Muntari ya kama hanyar Gidan Sori. A tashar Gazawa taksin Abdurrahaman ke kan layi, kuma dama ita yake so. Tsakar rana ce, motar na ƙyalli har ba a iya kallonta sosai. Muntari ya kewaya ta sau biyu yana shafawa. Babu lotsawa, babu karcewa.

Abdurrahaman dattijo ne mai sanyin murya, shekara talatin yana wannan hanya bai taɓa taka ko kaza ba. Mata masu ciki motarsa suke jira. Ya riƙe hannun Muntari da hannu biyu ya yi masa ta'aziyya, ya zaunar da shi a gaba.

"Ba a gan ka wurin jana'iza ba," in ji Muntari.

"Inji ne ya ba ni wahala. Na kai motar ƙetaren iyaka, kwana biyu tana can."

Ya yi tuƙi a hankali, ƙirjinsa kusa da sitiyari. Gonaki suka riƙa wucewa, kore bayan kore, gawo tsirara a tsakiyarsu ba ko ganye. Gyangyaɗi ya ɗauki Muntari. Ya ga Chindo yana yaro, yana tafe a gabansa cikin hatsi da bakin wuta a hannu, yana waiwayowa yana cewa ya yi sauri. Da ya farka sun iso Agye.

Daga can ya canja mota sau biyu, ya ƙarasa a kan moto, wato babur. Alhaji Mahamane bai ji daɗin zuwansa ba, don gaban motarsa a lotse yake, fenti ya ɓare.

"Amalanke ne, tun kafin azumi," in ji shi cikin fushi. "Tambayi kowa."

Muntari bai tambayi kowa ba. Ya durƙusa ya leƙa. Tsatsa ta yi kauri a cikin lotsawar, zanzaro ya gina ɗakinsa a lungun, har 'ya'yan sun fashe sun fita. Ya miƙe ya ba da haƙuri, ya roƙi Alhajin ya zo addu'ar bakwai da motarsa, don a wanke shi a gaban mutane.

*

Ya dawo ya tarar Gangara a hargitse. Mudi ya iso da buhunan taki a bayan mota, bai ma san an yi mutuwa ba, in ji shi. Samari sun kewaye shi, wani har ya kawo fetur a galan. Maigari ne ya janye shi zuwa zaurensa ya sa aka rufe.

"Motarsa lafiya lau take," in ji Muntari bayan ya duba.

"Kwana biyar yana ƙetaren iyaka," wani ya amsa daga cikin taron. "A kwana biyar ana sake wa mota fuska."

Maganar ta zauna wa Muntari. Gaskiya ce, kuma Mudi ba shi kaɗai ya ƙetare iyaka ba.

Maigari ya ce, "Jibi ne bakwai. In ba ka kawo wani abu ba zan miƙa shi ga jandarma. In ban miƙa ba waɗannan za su ƙwace shi."

*

Washegari ya koma Gazawa. Idanun Zakiyya sun faɗa, ta ji abin da aka yi wa ƙanenta.

"In mutum ya buge mota," ya ce, "ya sa aka buga ƙarfen aka sake fenti, ya shafa sulkenki a kai, ana ganewa?"

"Ina ba kowannensu 'yar kwalba don sabuntawa bayan wata shida, kuma ina koya musu. A wanke sau biyu. A bi da yumɓu mai laushi har tafin hannu ya daina jin ƙaiƙayi. A inuwa, ƙarfe da sanyi. A shafa kaɗan, kamar hucin baki a kan madubi, a miƙe, ba a zagaye ba. In ya dushe a goge da tsumma mai taushi, sannan kwana ɗaya cur kada ruwa ya taɓa. Amma babbar doka, sabon fenti ba a rufe shi sai ya yi kwana arba'in. Yana numfashi, Baffa. In ka rufe shi da wuri, abin da zai fita ya rasa hanya."

"Sai me ya faru?"

Ta kai shi gaban wata shuɗiyar ƙofa a ƙarshen layi. "Wannan na yi mata gaggawa. Duba."

Ya duba. Sumul take, yana ganin rawaninsa a ciki.

"Ban ga komai ba."

"Rana na sama. Zauna."

Suka zauna a kan benci. Ta kawo masa fura. Inuwoyin ƙofofin suka riƙa miƙewa a ƙasa har suka haɗu. Da la'asar ta yi sakaliya, haske ya kwanta ya bi jikin ƙofar ta gefe, sai wani fari-fari ya taso daga ƙarƙashin shuɗin, kamar yanar da ke kan madara, da ƙananan ƙuraje da ba su kai ƙwayar gero ba.

Muntari ya yi ajiyar zuciya. Haka mahaifinsa ya koya masa, cewa ba a neman sawu da tsakar rana. Shi kuwa da tsakar rana ya duba motoci biyu.

"Cikin su ukun wa ya fi bin dokokinki?"

"Abdurrahaman. In akwai ɗigo ɗaya da bai gogu ba sai ya gani." Ta dubi shuɗiyar ƙofar. "Da can dai. Kwanan baya na miƙa masa kwalba ya kai hannu gefenta."

*

Ranar bakwai, tun da aka idar da sallar asuba mutane suka cika ƙofar gidan marigayin. Muntari ya roƙa aka jera motocin uku a fili, gabansu ya dubi kudu. Aka fito da Mudi daga zaure. Zakiyya ta zo a kan moto ta tsaya cikin mata. Aka yi addu'a aka shafa, aka raba waina, amma ba wanda ya tashi.

"Ranka ya daɗe, a ɗan dakata rana ta fito," in ji Muntari.

Suka jira. Tururi na yawo a kan gonaki, kurciya na kuka a kan gawo. Rana ta leƙo ta saman hatsi, haskenta ya zo a kwance, ya fara taɓa motar Alhaji Mahamane. Ban da tsohuwar lotsawarta, shuɗi ne tas. Ya wuce kan ta Mudi. Zakiyya ta rufe fuska da mayafi. Shuɗi ne mai zurfi tun daga fitila har ƙofa, da layukan hannunta a miƙe.

Sannan ya kai kan taksin. A gefen da hasken ya bugi gaban motar, daga fitila zuwa bakin ƙofa, farar yana ta taso. A cikinta ga zagaye bisa zagaye, sawun tsumman da aka murza da sauri a rana, ga wurare da man ya yi kauri ya daskare ba a goge ba. Ko yaro zai gani.

Kowa na kallon motar, sai Abdurrahaman da ke tsaye kusa da ita yana duban fuskokin mutane ɗaya bayan ɗaya.

"Mene ne?" ya ce a hankali. "Me kuke kallo?"

"Ba ka gani ba, Abdurrahaman?"

Ya sunkuya ya kai fuskarsa dab da ƙarfen, ya shafa da tafin hannu. "Na goge ta da kyau. Sau uku na goge."

"Tun yaushe idon?" in ji Muntari.

Dattijon ya zauna a ƙasa, ya jingina da tayar motarsa.

"Shekara biyu. Da rana ina gani. Da sassafe ne komai ke zama kamar ina cikin nono. Na ce in damina ta wuce zan je likita, sai wata daminar ta zo. In aka sani wa zai shiga motata?" Ya goge fuska da hularsa. "Mun yi da Malam Chindo zai jira ni a lanƙwasar da zumar idona. Don shi na fito ba fasinja. Ina ta duba dama, inda ya saba tsayawa. Ashe ya ji ƙarar motar ya tako kan hanya ya tarye ni."

Wasu samari suka motsa. Maigari ya ɗaga sandarsa, suka tsaya. Mudi ya je ya tsugunna kusa da yayarsa, ta dafa kansa.

Sai aka ji motsi daga ƙofar gida. Gimbiya ce ta fito har bakin zaure, ta tsaya a inuwar ƙofa.

"Muntari, shi kaɗai ya cika?"

"A'a. Na ga gwiwoyin mutumin nan a ƙasa. Ya daɗe tare da shi."

Ta juya wajen Abdurrahaman. "Ya yi magana?"

"Ya yi, Inna. Na ɗora kansa a cinyata. Idonsa a rufe. Ya ce a sauke wa jakin kaya. Ya yi kalmar shahada, na taya shi a zuci." Ya sunkuyar da kai. "Kafin nan ya tambaye ni. Ya ce, wane ne? Sau biyu ya tambaya. Ya riƙe hannuna yana lalubar yatsuna. Ban amsa ba."

Gimbiya ta daɗe tana kallon gonakin da tururi ya fara bari.

"Da ka amsa, da ya ce maka ba komai," ta ce. "Na san shi. Wannan ka hana shi, kuma ka hana kanka." Ta gyara lulluɓinta. "Yaron can kuma ka bar shi kwana biyu a rufe. To, amsa yanzu. Ni zan ji a madadinsa."

Abdurrahaman ya dafa motar ya miƙe. Ya ciro makulli daga aljihu ya miƙa, hannunsa ya wuce gefen na maigari, Muntari ya kama ya daidaita shi. Sannan ya fuskanci ƙofar gidan, ya cire takalmansa.

"Ni ne," ya ce. "Abdurrahaman ɗan Idrisa, direban Gazawa. Ni ne, Malam."

Gimbiya ta gyaɗa kai ta koma ciki.

Maigari ya ce a kawo moto a kai shi wurin jandarma. Abdurrahaman ya roƙa a bar shi ya taka da ƙafarsa. Muntari ya ba shi gefen sandarsa ya riƙe, shi ya riƙe ɗaya gefen, suka kama jar hanya su biyu, mutane na buɗa musu.